Hedifon ɗin Nazifi

Ku matso kusa. Kai Ummaru, kashe wayar nan, ba da haske ake jin irin wannan ba.

Nazifi ɗan fari ne, shi kaɗai ya rage wa Inna Kulu. Kun san al'ada, ko da wasa ba ta taɓa kama sunansa ba. "Kai wannan," haka take kiransa. Ciwon ƙirji ya kwantar da ita, shi ke ɗaga ta, shi ke ba ta ruwa, ɗakinsa na jikin nata don ya ji in ta kira.

Aibinsa ɗaya, gem. Mayen gem ne na ƙin ƙarawa. Burinsa a duniya hedifon marar waya, irin mai taushin nan da ke jiyar da kai takun abokin gaba tun daga nesa.

Wata magariba ya taso daga shagon gem, ya yanke ta bayan kududdufi shi kaɗai. Sai ga mutum a gefensa, da hedifon baƙi wuluk a wuya.

"Kana so?"

"Nawa ne?"

"Karɓi. Faɗa min sunanka kawai."

Wawan ya faɗa! Sai da mutumin ya juya Nazifi ya lura busassun ganye yake takawa, amma ko ƙas ba ka ji.

Abin kam ya yi daɗi. Ba ya neman caji. In ya sa, har numfashin abokin gaba yake ji. Rannan da dare yana tsakar wasa, sai ya ji taku a bayansa. Ba a cikin gem ba. Sannan murya, muryar Inna sak.

"Nazifi."

"Na'am!"

Ya fizge hedifon ya faɗa ɗakinta. Barci take. Nan ya tuna bakin Inna bai taɓa furta sunan nan ba.

Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rame kamar kara. Ya jefa hedifon a kududdufi, a banza, muryar ta riga ta zauna a kunne. Liman Ɗanjuma na unguwarsu ya yi masa tofi, ya ce, "Ka amsa sau ɗaya, ka ga yadda ka koma. In ka ƙara, ba kai ba tashi. Duk wanda ya kira sunan nan da dare, ka yi gum."

"To in Inna ce fa, Malam?"

"Inna tana kiran sunanka ne?"

Haka ya zauna. Kullum dare ana kira, yana toshe kunne yana karanta Ayatul Kursiyyu. Tausayi, wallahi. Ya daina gem, ya daina fita, ya koma sai kasa kunne.

Wani dare kiran ya zo daban. Da tari a ciki. Da haki.

"Nazifi... Nazifi, zo."

Ya tashi zaune. Zuciyarsa ta ce je ka. Ya tuna maganar Liman. "Ƙarya kake, la'ananne," ya faɗa a ransa, ya cusa kai ƙarƙashin filo yana kuka. Aka yi ta kira, muryar na ƙanƙancewa, har ta ɗauke.

Da asuba ya buɗe ƙofa. Inna Kulu na kwance a bakin ɗakinsa, hannunta a kan dokin ƙofar. Ta riga ta yi sanyi.

Wajen zaman makoki maƙwabciyarsu Baba Tasalla ta ce masa, "Ɗan nan, ina ka shiga daren nan? Ta katanga na ji ta. Ban taɓa jin ta kama sunanka ba sai ranar. Na ce ai ka je."

Yana nan da rai, in rai ne wannan. Shi ne mutumin da ke zama bakin kududdufi da hannuwa a kunne. Har yau ana kiransa da muryarta, kuma bai san wacce ce ba.

Don haka kar in ji waninku ya bi hanyar nan shi kaɗai. Ummaru, Mama na kiranka. Tashi ka je ka gani da idonka.