Ƙofar Shingen Mista Tackett

A jihar Texas ta Amurka akwai wata yarinya da ba ta da abin so kamar farautar rakun. Rakun kuwa wani ɗan naman daji ne, ɓarawo na gaske. Ya ci masara, ya sha ƙwai, ya haye bishiya yana leƙen mutane.

Babanta yana da karnuka biyu, Tater da Jolene. Gonarsu ƙarama ce, don haka suke farauta a makiyayar maƙwabcinsu, tsoho Mista Tackett. Shi ya ba su izini.

Wata Juma'a da almuru suka saki karnukan. Ba a jima ba haushin Jolene ya canza, alamar ta kora rakun kan bishiya. Baba ya ruga. Yarinyar na biye da shi, sai ta ga ƙofar shinge a buɗe.

"Wane malalaci ne ya bar wannan haka?" in ji ta. Ta ja ƙofar, ta ɗaure da sarƙa tam. Har wani daɗi ta ji, wai ta yi abin kirki.

Washegari da la'asar sai ga motar Mista Tackett. Ko gaisuwa bai amsa ba. Ya ce da gangan ya bar ƙofar a buɗe, don ta nan shanunsa ke zuwa shan ruwa. Shanun sun wuni cikin rana suna kuka a bakin shinge, har maraƙi ɗaya ya kasa tashi.

"Kada in ƙara ganin karnukanku a filina," ya ce, ya ja motarsa.

Ran yarinyar ya ɓaci ƙwarai. Da suka zauna cin abincin dare da iyayenta, sai ta ture kwanon wake da burodin masara.

"Mama, kullum ke ce mai cewa rufe ƙofa, rufe ƙofa. Yau na rufe, kuma ni ce mai laifi? Wannan ai zalunci ne!"

"Ƙofar ɗaki daban, ta makiyaya daban," in ji Baba. "Yadda kika same ta, haka za ki bar ta."

"To ni wa ya gaya mini?"

"Ke wa kika tambaya?"

Ta kumbura baki, ta fita. A waje karnuka na zagaye a kejinsu, suna jiran a fita farauta. Jolene ta lasar mata hannu. Me suka yi su da za a hana su daji? Nan kunya ta kama ta.

Da safe ta roƙi Baba ya kai ta. Suka tarar da tsohon durƙushe gaban maraƙin.

"Baba Tackett, ni na rufe ƙofar. Ka yi haƙuri. Karnukan ba ruwansu."

Ya harare ta, sannan ya miƙa mata kwalbar madara. Ta zauna a ƙasa tana ba maraƙin kaɗan-kaɗan, har hannunta ya gaji. Can sai maraƙin ya yunƙura, ya miƙe, ya bi uwarsa.

Mista Tackett ya gyara hularsa. "Rakun sun gama mini da kankana," ya ce. "Ki kawo 'yan haushin nan naki ran Juma'a."

Tun daga nan, in ta ga abu a wurin mutane, ba ta gyara shi da ka. Sai ta tambayi mai shi tukuna.