Fitilun da Suka Wuce Gaɓa

Ranar Laraba, sha huɗu ga Nuwamba, ƙarfe shida da minti ashirin na yamma, Malam Almustapha ya kunna fitila ta arba'in.

Shi ne mai kula da ƙaramin filin jirgin da wani attajiri ya gina kusa da Wara, domin baƙi masu zuwa kallon tafkin Kainji. Filin ba shi da lantarki. Idan jirgi ya makara, fitilun kananzir ake jerawa, ashirin dama, ashirin hagu, na ƙarshe taku talatin kafin ruwa. Shekara tara yana wannan aiki, bai taɓa bar wa kowa ƙirga su ba.

Kyaftin Sunday ne ke tafe a jirgi da mutum bakwai. Ya riga ya faɗa ta rediyo cewa duhu ya cim masa, fitilu kaɗai zai bi.

Malam ya juya ya ƙirga kamar kullum. Sittin da huɗu.

Ya sake ƙirgawa. Layukan biyu ba su tsaya a gaɓa ba. Sun miƙe sak cikin tafki, wajen da tsofaffin garuruwa suka nutse. Duk matuƙin da ya yarda da tsawon nan, ruwa zai kai mutanensa.

Ya kira Sunday. Rediyo ba ta mayar da komai ba sai ɓulɓular ruwa.

Ya ɗauki jarkar kananzir ya nufi gaɓa. Kwaɗi sun yi tsit. Warin laka, da ƙaurin man kaɗe. Ƙarƙashin kowace fitila ta cikin tafki akwai kan mutum, ruwa iya wuya, idanu duk suna sama.

Na kusa ya ce a hankali, "Malam, ƙyale su su sauko. Mun daɗe ba mu yi baƙi ba."

Ƙugin jirgi ya matso.

Ya kwarara kananzir daga wannan layi zuwa wancan. Hannu mai sanyi ya cafke masa idon sawu. Ashana ta farko ta mutu.

"Bismillahi."

Ta biyu ta kama. Wuta ta gitta titin saukar jirgi, hannun ya saki, jirgin ya ɗaga ya juya.

Tun ranar ba a ƙara karɓar jirgi bayan la'asar ba, Malam kuma da ɗingishi ya ƙarasa aikinsa. Washegarin abin, da safiyar Alhamis, ya tattara fitilu, ya rubuta a littafinsa:

"Namu, arba'in. Ta yumɓu, jiƙaƙƙiya, tana ci: ɗaya."