Kiɗan da ke Cikin Bango

Wani dare Auta ta ji bangon ɗakin Baba yana gurnani.

Ba irin ƙarar da kunne ke kamawa ba ce, a ƙirji ake jin ta. Dum... dum-dum... sai ta tsaya kamar mai tunani, sai ta dawo. Ruwan kofin Baba yana rawa shi kaɗai. Tsakar da ke maƙale kusa da ƙwan lantarki ta daskare.

Baba na kwance a gadonsa jikin bangon. Tun ranar da aka kawo gawar Yaya, babban ɗansa, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Hannun hagu kaɗai ya rage masa. Shi ya ɗaga ya shiga bugun bango, hawaye na gangarawa cikin kunnensa.

Umma ta shigo tana gyara ɗankwali.

"Kin ga abin da mutumin naki yake yi masa ko? Bawan Allah ba baki, sai duka yake a daina."

Auta ta zura takalmi ta fita.

Ɗakin da ke bayan bangon na Rasta ne, mawaƙin rege, abokin Yaya. Mota ɗaya suka shiga suna dawowa daga wasan kiɗa, suka yi haɗari. Shi ya fito da ɗingishi, Yaya bai fito ba. Rasta ya manne ɗakin da kwalayen ƙwai har sama, wai don su shanye ƙara. Ta same shi zaune a gaban na'urarsa, gashinsa ya zubo ya rufe masa fuska.

"Mene ne wannan kake kunnawa?"

"Hasken idona... zauna."

"Ba zama na zo ba."

"Yayanki ne."

Sai ta zauna.

Yaya shi ne mai kaɗa bes, jitar nan mai igiya huɗu da muryarta ke fitowa kamar daga cikin rijiya. Kafin haɗarin ya kaɗa wa Rasta ƙasan waƙoƙinsa duka, aka naɗa, sauran a ɗora murya. Sai yau Rasta ya iya buɗewa.

"'Yan kiɗan tushe sun ce na lalace, na bar kukan talaka na koma waƙar 'yan mata," in ji shi. "Masu son waƙar masoya sun ce kiɗana ya yi nauyi, kamar ana raka gawa. Yayanki kaɗai ya gane ni. Cewa ya yi, kai ɗora soyayyarka a sama, ni zan riƙe maka ƙasa."

"Soyayyar wa?"

"Ya sani. Har ya ce in na sa ki kuka zai yi min aski da almakashin tela."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ya matsa wani maɓalli, muryarsa ta hau kan bes ɗin, mai laushi, tana lallashi. A ƙarƙashi Yaya yana tafiya a hankali, da nauyi, kamar mai ɗauke da su biyun a kafaɗa.

Haka aka ci gaba. Rasta na aiki rana da yamma. Kwalayen ƙwai suna tare muryarsa, amma ba sa tare bes. Kullum aka kunna, Baba sai ya ɗaga hannu ya bugi bango, ya yi hawaye.

Ranar da Rasta ya zo gaishe da Umma da maganar aure, ya tura gashinsa duka cikin hula, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Ban ce kai ka kashe shi ba," in ji Umma. "Kwanansa ne ya ƙare. Gashinka ma bai dame ni ba, kanka ne. Amma ka bar min ɗana ya kwanta. Kullum kana tono shi kana kawo wa ubansa ta bango."

"Umma, zan rage ƙarar. Zan ma tashi daga ɗakin..."

"Ka kai shi wani gari, ka sa a rediyo, in ji shi a kasuwa? Ka goge shi. In ka goge, ga ta nan. In ba ka goge ba, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Da yamma Auta ta je ta same shi.

"Ka ji dai."

"Na ji. Ke fa, me kika ce?"

"Ni nake juya Baba, ni nake share masa hawaye. Me kake so in ce?"

"Masoyiyata, wannan ne kaɗai abin da ya rage na hannunsa a duniya. Ko hoton kirki ba ku da shi."

"Ubana yana raye. Yaya ya riga ya tafi."

"In na cire shi, waƙoƙin ba su da ƙasa. Sai su zama zaƙi kawai."

"To ka zaɓa, ni ko waƙoƙin."

Ya juya ga na'urar. Sannan ya nuna mata wurin gogewa da yatsa.

"Hannuna ba zai iya ba."

Ita ta danna.

"Har da na wayarka," ta ce, ba ta kalle shi ba. Ya miƙa mata.

Da ya sake kunnawa, muryarsa ce kaɗai ke yawo a ɗakin tana kiran masoyiya, babu komai a ƙarƙashinta.

Gidan ya yi tsit. Umma ta ce alhamdu lillahi, Baba ya daina duka, ya daina kuka. Sai dai tafin hannunsa yake shimfiɗawa a bango ya bar shi nan, tun safe har a kunna fitila. Auta ta zaci sanyin siminti yake nema. In ta janye hannun ta rufe da bargo, kafin ta juya ya mayar.

Sai ya fara kawar da kai daga cokali.

"Baba, ko loma ɗaya... don Allah, Babana."

Idonsa na bango.

An sa ranar aure, ba a kai ba. Da wata asuba Auta ta zo juya shi ta tarar hannun ya zame ya faɗo tsakanin gado da bango.

Ana zaman makoki, maƙwabcinsu mai aski ya zo yi wa Umma gaisuwa. Tsoho ne mai surutu, shi ke zuwa yi wa Baba gyaran fuska da rana, lokacin Umma na kasuwa, Auta na wurin aiki. Rasta na tsaye gefe rungume da tabarmin da aka aro.

"Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta," in ji mai aski. "Mutum mai kunne. Ni fa ba ya yarda in sa masa reza sai yaron nan ya kunna abinsa. Sai ka ga hannu yana bin kiɗan a bango, daidai, ko kuskure babu. Inda kiɗan ya tsaya shi ma ya tsaya. Ina ce masa, Malam, ɗanka ne ko? Sai ya lumshe ido, ya yi murmushin nan nasa na gefe guda."

Auta ta dafa ƙofa. Tabarmin suka sulale daga hannun Rasta. Umma ta tsura wa ƙasa ido, carbinta ya tsaya.

Mai aski ya kalle su ɗaya bayan ɗaya.

"Zuwana na ƙarshe sai shafa bangon yake yi yana kallona. Wai ni kam, wa ya kashe masa kiɗan ne?"