Kofin Ruwan Inna

Da ƙullin kaya a ka matar direba ta bar gidan mijinta, ɗanta na tsala ihu a bayan ƙofa, an hana ta ɗauka... Allah sarki marainiya! Ba uwa ba uba, sai wata maƙwabciya, Allah Ya saka mata, ta ba ta wurin raɓawa. Laifinta kuwa kofin ruwa ne.

Inna, surukarta, gyambo ya ci mata ƙafa, ga ta da tsoron wankin ciwo kamar ƙaramar yarinya. Shi ya sa a bencin asibiti matar direba ta ba ta ruwa ta sha, hankalinta ya kwanta. Ana fara wanke ciwon sai leɓen Inna ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya sarƙe. Da ƙyar allura ta ceto ta. Nas ta tambayi abin da ta ci ko ta sha. Yaya Babba, yayar direba, wadda dama neman kuka take aka jefe ta da kashin awaki, ta rantse guba aka zuba a kofin. Direba bai tsaya bincike ba ya kori matarsa, Inna kuma ba bakin magana. Matar direba, baiwar Allah, ta yi kuka har idonta ya kumbura, addu'arta ɗaya: Allah Ya tashi kafaɗar Inna, Ya wanke ta.

Ranar komawa asibiti Yaya Babba ta kai Inna da kanta, ko ɗigon ruwa ba ta bari ta sha ba. Nas ta tsoma auduga a maganin wanke ciwo, ta shafa... sai ga kumburin nan, har ya fi na farko! Likita ya rugo da allura, da numfashin ya daidaita ya ce maganin kashe ƙwayoyin cutar ne jikinta ba ya karɓa, kada a sake shafa mata shi.

Inna na samun baki ta umarci Yaya Babba ta je ta durƙusa wa yarinyar, ta ɗauko ƙullin nan a kanta, ta dawo da ita ta titin da aka kore ta. Haka aka yi, unguwa na kallo, direba na biye kansa a ƙasa.

Matar direba ta rungume ɗanta, hawaye na zuba, bakinta ba komai sai alhamdulillahi. Inna, da ta ƙi karɓar ruwan kowa tun a asibiti, ta miƙa mata kofin nan.

"Ɗebo mini ruwa, 'yata. Ƙishi nake ji."