Dariyar Mai Takaba

Inna Kaltume na tsakar gida tana matsar tunkuza, sai ga 'yarta Raudatu ta shigo da waya a hannu, idanu jajur.

"Inna, wai Alhaji Hashimu ya ce a dakatar da maganar aurena da Sha'aban."

Inna ta ajiye tunkuzar. Dama tun da yarinyar ta fara ɗora bidiyon suyar ƙuli-ƙuli a TikTok, har mutanen Legas suka san sunan ƙauyensu na bayan Makoda, hankalinta bai taɓa kwanciya ba. Su a zamaninsu in an yi gaɗa a dandali, waƙar a nan take kwana, sai wanda ya je ne ya ji.

Abin da ya faru kuwa, shekaranjiya mata sun taru taya Goggo Tahira ɓarar gyaɗa, don tana takaba. Goggo ƙanwar baban Raudatu ce, ita ce kuma mahaifiyar Sha'aban. Ana cikin hira Raudatu ta kwaikwayi yadda marigayi Malam, mijin Goggo, ke korar awaki da carbi, Goggo ta tuntsire da dariya har ɗankwali ya zame. Ashe wayar Raudatu na ɗauka, ta kuma ɗora a TikTok. Kafin la'asar duniya ta gani, ana ta rubuta, "Ji mai takaba, ko arba'in ba a yi ba." Alhaji Hashimu, yayan marigayin, ya ce an tozarta gidansu.

"Ni fa ban yi da wata manufa ba, Inna. Folowas ɗina dubu tamanin, kullum sai sun..."

"A cikin dubu tamanin ɗin, wa ya taɓa ɓare wa Goggonki gyaɗa ko ƙwaya ɗaya?"

Da yamma Sha'aban ya yi sallama a zaure. Inna na jiyo shi.

"Ban ce ki bar komai ba, Raudatu. Amma Iya ko tsakar gida ta daina fitowa."

A gabansa ta goge akawun ɗinta na TikTok, tana hawaye. Ƙawaye suka yi ta bugowa, wai ta haukace.

Washegari ta tafi gidan Goggo. Ba a amsa gaisuwarta ba. Ta share gida, ta ɗebo ruwa, ta zauna bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa. Haka kullum, wata uku cur. Inna Kaltume sai addu'a, abinci ma ba ya shiga.

Ranar fita takaba, Goggo ta dubi Alhaji Hashimu gaban dangi.

"Yaya, tun da Malam ya rasu ban yi dariya ba sai ranar nan, kuma yarinyar nan ce ta sa ni. Laifinta ɗaya, ta kai dariyata kasuwa. Ta kuwa gane. A sa rana."

Ranar kamu tsofaffi suka tayar da gaɗa irin ta da, Goggo ce kan gaba. Babu wanda ya ɗaga waya. Inna Kaltume ta share hawaye da bakin zani.

'Ya'yana, ku yi hattara. Masu tafa muku a waya ba su ne za su zauna da ku ba. Dariyar cikin gida amana ce, kada a fita da ita.