Muryar Kubura a Gwangwanin Biskit

Ranar da Bilkisu ta fara shiga shagon Luqman a titin Koudoukou, ba soyayya ce ta kai ta ba. Kaset ne a hannunta, nannaɗe a gefen mayafi, zarensa ya fito ya cukurkuɗe saboda rediyon gidansu ta tauna shi. Ta sha kuka a hanya, ta share ido a bakin ƙofa, wai don kada a gane.

Luqman ya gane. Ya gaishe ta da Sango, yaren garin, da ta amsa da sallama sai ya juya zuwa Hausa, irin Hausar wanda ya koya a kasuwa. Haifaffen Bangui ne, uwarsa 'yar bakin kogi, ubansa direban babbar mota da ya rasu tun yana yaro. Sana'arsa buga wa mutane takardu a kwamfuta da juye abin da ke kaset zuwa faifan sidi.

Ta gaya masa muryar mahaifiyarta ce a ciki, Kubura, wadda ta rasu tun ita ba ta yi wayo ba. An ɗauki muryarta tana yi wa jaririyarta Bilkisu waƙar rarrashi, da niyyar aika wa dangi a Damagaram, Allah bai sa an aika ba. Ban da wannan kaset, babu inda muryar ta rage a duniya.

Ya warware zaren a hankali, ya liƙe inda ya tsinke, ya naɗe shi da bututun biro. Da ya haɗa rediyo da kwamfuta, sai ya zare wayar lasifika, ya miƙa mata abin sauraro na kunne.

"Ke kaɗai za ki ji," ya ce. "Ni waɗannan layukan sun ishe ni aiki."

Ya zauna yana kallon layuka suna hawa da sauka a allon kwamfuta, ita tana ji tana hawaye. A nan ta fara sonsa, ko da yake da an tambaye ta ranar da ta rantse ba haka ba ne.

Da ya gama, ya shiga yi mata bayani, don Luqman in aka taɓo batun kwafi ba ya gajiya. Ya ce lokacin boren sojoji na farko a garin yana koyon aiki a wani ofishin buga takardu, maigidansa ya tara disket ɗinsa, ƙananan faifan ajiyar kwamfuta, duka a aljihun teburin da kwamfutar ke kai. Masu wawaso suka ɗauki teburin ɗungurungum. Tun daga ranar ya daina yarda da ajiyar da ke ɗaki ɗaya da abin da aka ajiye. Disket ya yi wa murya kaɗan, aikawa ta intanet kuma sai a wuni ba ta tafi ba. Don haka zai bar ɗaya a kwamfuta, ya ba ta faifai ɗaya, na ukun ya kai wata unguwa daban. Bilkisu ta ce to, amma hankalinta yana wajen Innarta, rabin maganar bai shiga ba.

Bayan nan dalilan zuwa shagon suka yi ta ɓullowa. Yau katin bikin ƙawa, gobe tambayar ko rana tana ɓata faifai. Ya sa mata suna Mai Kaset, ta rama da Malam Kwafi. Saƙonni suka fara yawo tsakanin wayoyinsu.

"Mai Kaset, an ɗauke wuta tun safe, ba aiki sai tunaninki. Kin gaisa da Inna yau?"

"Mun gaisa, Malam Kwafi. Da ana kwafin mutum da na ce ka yi mini naka ɗaya in ajiye a gida."

"Ni guda ɗaya ne, kuma yana hannunki. Mbi ye mo."

Da Sango ya ƙarasa, don Hausarsa takan gaza masa in zai ce ina sonki.

Mahaifin Bilkisu, Alhaji Mahaman, babban dillalin atamfa ne a unguwar Kilomita Biyar, mutum mai kamun kai da ƙarancin magana. Bai taɓa cewa zai yi mata dole ba, amma kowa ya san ransa ya fi kwanciya da Abdulsamad, ɗan abokin kasuwancinsa. Da aka kai masa zancen Luqman, cewa ya yi bai ga sana'a a danne-dannen na'ura ba, bai kuma san gidan da yaron ya fito ba.

Abdulsamad ba mugu ba ne, kishi ne ya sa idonsa ya yi kaifi. Tun kwanakin baya ya taɓa ganin Luqman a unguwar Miskine yana miƙa wa wata budurwa mai suna Hafsat faifai, an rubuta a kai "Innar Bilkisu". Da ya ga ana neman shan gabansa, sai ya kwashe labarin ya kai wa Alhaji.

Ran Alhaji ya ɓaci ƙwarai. Kubura mace ce da har ta koma ga Allah baƙon namiji bai taɓa jin waƙarta ba. Yanzu a ce muryarta tana yawo hannu zuwa hannu a Miskine? Ya karɓe kaset da faifan daga hannun Bilkisu, ya kulle su a akwatin ƙarfen da ke shagonsa, sannan ya taka da ƙafarsa zuwa wajen Luqman.

Luqman ya durƙusa ya gaishe shi, ya rantse cewa kunnensa bai taɓa jin ko kalma ɗaya ba. Alhaji bai yarda ba. Ya sa shi ya goge na kwamfutar a gabansa, ya goge. Sannan ya ce ya je ya karɓo na Miskine ya fasa.

"Baba Alhaji, ka gafarce ni," Luqman ya ce, kansa a ƙasa. "Wanda na goge, akwai waninsa. Wancan kuwa Bilkisu ce ta ba ni amanarsa. In ta ce in fasa, yau zan fasa."

Alhaji ya dube shi ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidansa.

Ita Bilkisu nata ciwon daban ne. Ta rubuta masa:

"Wace ce Hafsat? Muryar uwata ka ɗauka ka yi wa budurwarka kyauta?"

"'Yar gwaggona ce, nono ɗaya muka sha. Ko abin kunna faifai ba ta da shi. Na gaya miki ranar farko, kina kuka ba ki ji ba, laifina ne da ban maimaita ba. Baba ya ce in fasa. Ki rubuto kalma ɗaya, in fasa."

Ta karanta saƙon har ta haddace shi. Fushi bai bar ta ta ce ta yafe ba, zuciya kuma ba ta bar ta ta rubuta kalmar ba. Kwanaki suka yi ta shuɗewa, shi ma bai matsa mata ba ko da yake ramar da ya yi kowa ya gani.

Ana cikin haka gari ya sake rikicewa. Aka fara jin harbi daga arewacin birni, aka rufe shaguna, kowa ya shige gida. Alhaji ya saba da irin wannan, tun kafin abin ya yi tsanani ya rarraba atamfofinsa gida uku kamar yadda 'yan kasuwar unguwar ke yi. Akwatin ƙarfen ne ya bari a shago, yana ganin nauyinsa zai tsare shi. Nauyin ne kuwa ya ja hankalin masu wawaso, suka ɗauke shi ba su ko tsaya buɗewa ba. Shagon Luqman ma ba a bar masa ko kujera ba.

Da ƙura ta lafa, Alhaji bai yi maganar abin da ya rasa ba. Wata rana da la'asar Bilkisu ta kawo masa shayi, ta same shi a zaure yana ƙoƙarin rera waƙar nan ƙasa-ƙasa. Ya kai tsakiya ya tsaya, ya sake farowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Sai a lokacin ta gane ba ita kaɗai ce ta cinye zaren kaset ɗin da saurare ba. Tausayin mahaifinta ya kama ta fiye da nata rashin.

Ta koma ɗaki ta ɗauki waya.

"Malam Kwafi, ka fasa?"

Amsar ba ta daɗe ba.

"Ba ki ce ba, Mai Kaset."

An shiga gidan su Hafsat ma a rikicin, an kwashe katifu da keken ɗinki. Amma ba wanda ya kula tsohon gwangwanin biskit mai cike da zare da maɓallai, faifan kuwa yana ƙasansu a cikin leda.

Washegari Luqman ya karɓo faifan, ya aro ƙaramar na'urar faifai, ya tsaya daga waje ya yi sallama, don bai manta an hana shi ƙofar ba. Bilkisu ce ta roƙi mahaifinta ya ba shi izini. Ya shigo, ya saka faifan, ya nuna wa Alhaji inda zai danna, ya miƙa masa abin kunnen, sannan ya fita ya tsaya a rana can nesa da ƙofa.

Alhaji ya ga fitar, ya kuma fahimci cewa rantsuwar ran nan gaskiya ce. Ya danna. Bilkisu tana daga bakin labule ta ga leɓɓansa suna bin waƙar, har suka wuce wurin da yake tsayawa. Hawaye suka jiƙa masa gemu, bai share ba.

Da ta ƙare ya ce a kira yaron. Ya tambaye shi guda nawa suka rage, Luqman ya ce wannan kaɗai. Alhaji ya ce a nemo inda za a yi uku tun yau, ɗaya a nan, ɗaya a bai wa direban da zai tafi Damagaram, tunda can aka yi niyyar aikawa tun farko. Bai faɗi inda na ukun zai zauna ba. Sai ya gyara zama a tabarma, ya zare abin kunne ɗaya ya miƙa.

"Matso nan, ɗana. Zo ka ji muryar surukarka."

Luqman ya matso a hankali, Alhaji ya kamo hannunsa. Ya daɗe da sanin wannan murya da ido a layukan kwamfuta, ya san inda take hawa da inda take sauka, ranar ce ya fara jin ta. Muryar siririya ce, tana dariya a tsakiyar waƙa saboda jaririyar ta yi atishawa. Bilkisu ta rufe fuska da labule, tana kuka tana murmushi.

An ɗaura auren bayan sallar Juma'a a Masallacin Koudoukou. Abdulsamad ya zo, ya riƙe hannun ango ya nemi gafara, aka yafe. Hafsat ce ta raka amarya, ana ta tsokanarta da gwangwaninta.

Da za a fita da Bilkisu, Alhaji ya sa mata faifai na uku a hannu, nannaɗe cikin wani tsohon ɗankwalin Kubura. Ya dafa kanta ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zuri'ar da za a yi wa wannan waƙar. Sannan ya juya ga Luqman.

"Wannan dai guda ɗaya gare ni, ba ta da kwafi. Ka riƙe ta yadda ka riƙe wancan."

"In Allah Ya yarda, Baba," Luqman ya ce, mutanen zaure suka amsa da amin.