Gungun Taurarin da Ya Murɗe Hagu

Dakta tana shan shayi a ofis da safe ta buɗe sabuwar mujallar masana sararin samaniya, ta ci karo da hotonta a ƙarƙashin sunayen wasu. Gungun taurarin nan ne da ta yi shekaru tana bi, mai hannuwa a murɗe kamar ruwan da aka juya a roba, ga siririyar iskar gas tana kwarara cikinsa daga waje. Masu takardar 'yan wata jami'a ce mai nisa, sun ce su suka ɗauko shi da nasu madubin hangen nesa. Kafin shayin ya huce aka kira ta daga hukumar jami'a: tunda tasu takardar ta riga tata fita, kwamiti zai zauna gobe ya duba ko ita ce ta kwafa.

Ranta ya ɓaci. Tamkar an shiga ɗakinta an yi mata sata, kuma ita za a ɗaure.

Bayan ita, mutum uku ne suka taɓa ganin hoton. Ta fara da Dogo, abokin aikinta, wanda bakinsa bai san sirri ba. Ta same shi yana gyara takardun ɗalibai, ta dangwara masa mujallar.

"Wa ka ba wa?"

"Haba Yaya, ni? Da zan yi sata ai da na sa sunana."

"Ba wasa na zo yi ba. Buɗe wanda na tura maka."

Ya buɗe a kwamfuta, ta jera shi da na mujallar. A na Dogo hannuwan gungun sun murɗe dama, yadda suke a sama. A na mujallar sun murɗe hagu.

Ta hau bene zuwa ɗakin madubin hangen nesa. Injiniya na durƙushe yana shafa wa ƙafar na'urar mai.

"Ƙaramin madubin da ka ƙara bara, har yanzu yana juya hoto?"

"Yana juyawa, ranki ya daɗe. Dama ta koma hagu. Ai shi ya sa duk hoton da zai fita daga nan sai mun mayar da shi daidai."

"Ka taɓa fitar da ɗanye, wanda ba a gyara ba?"

Ya ajiye tsumman, shi ma ya ɗaure fuska. "Ni na ɗaura madubin nan da hannuna. Ko barci nake ba zan ba mutum hoto a juye ba."

"Wa ke iya buɗe inda ɗanyun suke?"

"Ni, da ke, da shugaban sashe."

Ta sauko a hankali, don ta fi son a ce ƙarya ne. Shugaban sashe shi ne Farfesa, wanda ya koya mata duba sama, ya tsaya mata ranar da ta kare digirinta. Baba take kiransa. Duk wanda zai yi rubutu a kan yadda gungun taurari ke girma sai ya ambace shi, domin shi ya ce suna girma ne ta hanyar karo, babba ya haɗiye ƙarami. Hotonta kuwa cewa yake wannan gungun shi kaɗai ya girma, da iskar da yake sha.

Ofishinsa cike yake da lambobin yabo. Ya tarbe ta da fara'a.

"'Yata, na ji abin da ya faru. Ki kwantar da hankali, zan sa baki a kwamiti."

"Baba, yaushe rabonka da hawa ɗakin madubi?"

"Gwiwoyin nan sun hana ni. An kwana biyu."

"Tun kafin a ƙara sabon madubi?"

"Wane madubi?"

Ta shimfiɗa hotunan biyu a gabansa. Muryarta ba ta ɗaga ba, amma kowace kalma da zafinta take fita.

"Gungun nan ɓangaren dama yake murɗewa, duk madubin duniya haka zai nuna shi, sai namu. Wanda aka buga hagu ya murɗe, ke nan daga benen nan ya fito, ɗanye. Dogo gyararre kawai yake da shi. Injiniya ya san da juyin, ba zai yi wannan kuskure ba. Saura mai iya buɗe ɗanyun amma bai san suna juye ba. Masu takardar kuma duk tsofaffin ɗalibanka ne. Sun ce siririyar iskar nan ragowar karo ce, sun ambaci sunanka a kusan kowane shafi."

Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa.

"Ke yarinya ce, kina da lokaci. Ni abin da na gina ke nan a rayuwata. In takardarki ta riga fita, an daina karanta ni."

"Sai a ce da ni ɓarauniya don a ci gaba da karanta ka?"

"Na ce zan sa baki."

"Ka riƙe bakinka, Farfesa."

Ya ɗago ya dube ta, domin bai taɓa jin wannan suna daga bakinta ba. Ta tattara hotunan, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Da ka hau benen nan ko sau ɗaya ka ga abin da muke yi, da ka iya satar da kyau. Gobe zan nuna wa kwamiti madubin. Ka zo da sanda, a sama za a zauna."